Yasar Rijiyar Haƙori: Nazari kan Hanyoyin Wanke Saiwa da Wadda Ta Dace da Ƙasar Gobir

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya ranar yasa ya san aikin ba ya ƙarewa da kankare laka. Mai yasa zai shiga da 'yar fartanyarsa ya bi gindi da bango, amma muddin ba a yi ta janye gurɓataccen ruwan ana zubarwa har sabo ya tsattsafo ba, rijiyar tana nan da warinta. Da wannan hoton nake so mu shiga maganar wani aiki na likitocin haƙori wanda mutanenmu ke kira kashe jijiya, wato a buɗe haƙorin da ya ruɓe, a kwashe abin da ya mutu a cikin saiwarsa, a wanke, a toshe, a bar wa mutum haƙorinsa maimakon a cire.

A Gangara da sauran garuruwan Sabon Birni da Isa, inda Bagobiri ke ce wa haƙori haure, ciwon matauni yana da tafarkin da ya saba bi. A fara da kanumfari da kurkurar ruwan gishiri mai ɗumi. In dare ya gagari barci, a je kemis a karɓo kafso da maganin kashe zafi. Kumburi ya sauka, bayan wata biyu ya dawo, daga ƙarshe a cire. Wanda ya ƙudurta ceton haƙorinsa sai ya kama hanyar Goronyo zuwa Sakkwato, ya nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko wani asibitin kuɗi a cikin gari, ko kuwa ya tsallaka iyaka zuwa Maraɗi. Kowa ya san halin da hanyoyin nan suke ciki tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, har dubban mutanen yankin suka yi gudun hijira zuwa ƙasar Gidan Rumji a Nijar daga 2019. Mutumin da ya biyo irin wannan hanya da kunci a kumbure, likita bai kamata ya ɗauka zai sake ganinsa mako mai zuwa ba. Abin da za a yi wa saiwar nan, mai yiwuwa a zama ɗaya za a yi shi. Shi ya sa tambayar yadda ake wanke ta ta fi nauyi a nan fiye da Landan ko Legas.

Tsofaffinmu na cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Ba su kaɗai ba, mutanen Turai da Sin da Gabas ta Tsakiya sun shafe ƙarnoni a kan wannan fahimta. Kuma in an duba, ba su yi nisa da gaskiya sosai ba, sun dai girmama abin ne fiye da yadda yake. A tsakiyar kowane haƙori akwai kogo mai ɗauke da ɓargo, wato tsoka mai laushi da jijiyoyin jini da na ji, wanda ke zarcewa cikin saiwa ta wata siririyar hanya har ya ɓulla a ƙarshenta cikin ƙashin muƙamuƙi. Idan ruɓa ta huda ta kai ga ɓargon, ƙwayoyin cuta na baki sai su shiga. A 1965 Kakehashi da Stanley da Fitzgerald suka yi gwajin da ya yanke gardama a Amurka. Sun huda haƙoran ɓeraye iri biyu, waɗanda aka raina a wurin da babu ƙwayar cuta ko ɗaya, da na yau da kullum. Na farkon ɓargonsu ya rayu har raunin ya kama warkewa duk da abinci na shiga ramin. Na biyun ɓargo ya mutu, mugunya ta taru a gindin saiwa. A 1976 Göran Sundqvist ya nuna a Jami'ar Umeå ta Suwidin cewa haka abin yake ga ɗan Adam, kuma galibin ƙwayoyin irin waɗanda ba sa son iska ne.

Wannan ya bayyana dalilin da kafson kemis ke yaudarar mutum. Magani yana tafiya ne ta jini, shi kuwa mataccen ɓargo jini ya daina zuwa masa. Kafso zai kwantar da kumburin da ke wajen saiwa, amma sansanin ƙwayoyin yana ciki, inda magani ba ya kaiwa, sojojin jiki ma ba sa kaiwa. Ko dai a cire haƙorin da sansanin gaba ɗaya, ko a shiga a tarwatsa shi.

Da ramin saiwa miƙaƙƙe ne kamar bututun famfo, da magana ta ƙare. Likita zai zura magagarinsa, wani siririn ƙarfe mai kaifi a murɗe, ya kankare bango ya fito. Amma tun 1917 Walter Hess na Zurik ya ɗura roba a cikin dubban haƙora, ya narkar da haƙoran, ya fito da siffar ramukan. Abin da ya gani ya fi kama da saiwar gero da aka tumɓuke: rassa, da lunguna, da zirin da ke haɗa rami da rami, da 'yan ƙofofi da ke ɓullewa ta gefe. Frank Vertucci ya bi sawu a 1984 da haƙora 2,400, ya kasa fasalin ramukan gida takwas. Sannan a 2001 Ove Peters da abokan aikinsa suka ɗauki hoton cikin matauna kafin aiki da bayan aiki da na'ura mai ganin ƙananan abubuwa, suka tarar kashi 35 cikin 100 na bangon, ko fiye, ƙarfe bai taɓa shi ba ko kaɗan, kowace irin dabara aka bi. Sau da yawa ramin a shafaɗe yake kamar ƙwallon dabino, magagari kuwa zagaye yake sassaƙa, don haka gefe biyu na nan yadda suke.

Ƙwayoyin kuma ba yawo suke yi a ruwa ɗaya-ɗaya ba. Suna manne wa bango ne cikin wani yauƙi da suke gina wa kansu, kamar santsin da ke kama cikin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba. Matar gida ta san ɗauraya kawai ba ta fitar da wannan santsi. A 2005 Nair da abokan aikinsa suka yanko ƙarshen saiwoyin matauna 16 na ƙasa nan take bayan an gama aikin jijiya a zama ɗaya, suka duba. A 14 daga ciki an sami ƙwayoyi maƙale a zirin da ke tsakanin ramuka da rassan gefe.

Akwai kuma dattin da shi kansa likita ke haifarwa. Yayin da magagari ke gurzar bango, garin haƙori yana cakuɗewa da ragowar tsoka da ƙwayoyi ya zama yaɓe, ya shafe bangon. McComb da Smith ne suka fara bayyana shi a 1975. Kaurinsa bai wuce maikiron 1 zuwa 2 ba, amma yakan cusu cikin kafofin ƙashin haƙori har zurfin maikiron 40, ya rufe ƙwayoyin da suka ɓuya a ciki. Wani garin kuma yakan dannu cikin lunguna kamar yadda ambaliya ke cika magudanar fadama da yashi. Saboda haka a yau fahimtar masana ta juya. A da ana ganin ƙarfe ne ke aiki, ruwa na taimaka masa. Yanzu ana ganin babban amfanin ƙarfe shi ne ya buɗe wa ruwa hanya.

To wane ruwa? Byström da Sundqvist sun gwada ruwan gishiri irin na asibiti a 1981. Da shi da magagari, yawan ƙwayoyin ya ragu ninki 100 zuwa 1,000, amma kusan rabin ramukan ba su tsarkaka ba ko bayan zama da yawa. Da suka sauya zuwa sodiyam haifokulorait a 1983, sakamakon ya fi kyau a fili. Wannan sinadari ba baƙo ba ne a gidajenmu, shi ne bilic ɗin da ake sa wa fararen kaya, wanda ake sayarwa da sunan Jik ko Hypo. Shigarsa aikin likita ta samo asali ne daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da Henry Dakin da Alexis Carrel suka yi amfani da mai ƙarfin rabin kashi ɗaya cikin 100 wajen wanke raunukan sojoji a Faransa a 1915. Ba da daɗewa ba likitocin haƙori suka ɗauka, kuma a 1941 Grossman da Meiman suka nuna abin da ya bambanta shi da sauran: yana narkar da ɓargo. Wannan ita ce falalarsa da har yau ba a sami mai maye gurbinta ba. Tsokar da ta maƙale a lungun da ƙarfe ba zai taɓa shiga ba, shi zai bi ta ya narke ta, ya kuma farke yauƙin da ƙwayoyi ke fakewa a ciki.

Gardamar da aka daɗe ana yi ita ce ta ƙarfinsa. A Amurka an fi son kashi 5 zuwa 6, a ƙasashen arewacin Turai an daɗe ana amfani da rabin kashi zuwa kashi 1. Byström da Sundqvist ba su ga bambanci wajen kashe ƙwayoyi tsakanin rabin kashi da kashi 5 ba a 1985. Siqueira na Burazil ya gwada kashi 1 da 2.5 da 5.25 a shekarar 2000, shi ma bai ga wani bambancin a zo a gani ba, muddin ana zuba mai yawa ana sabuntawa. Dalilin a bayyane yake ga duk wadda ta taɓa wanki. Kulorin da ke cikin bilic ɗin yana ƙarewa ne yayin da yake aiki, cikin ɗan lokaci ya zama lami, kuma ramin saiwa ɗan mitsitsi ne, abin da yake ɗauka bai kai ɗigo ba. Mai ƙarfi ya fi saurin narkar da tsoka, gaskiya ne, amma ya fi ƙona nama in ya tsallake, kuma gwajin Sim da abokan aikinsa a Landan a 2001 ya nuna mai kashi 5.25 yana rage ƙwarin ƙashin haƙori. A ganina, kashi 1 zuwa 3 da ake ta sabuntawa ya wadatar.

Zafi ma yana da nasa hannu, kuma a nan ƙasarmu ta shigo cikin maganar ta fuska biyu. Sirtes da abokan aikinsa a Zurik ta Suwizalan sun gano a 2005 cewa mai kashi 1 da aka ɗumama zuwa digiri 45 yana narkar da ɓargo daidai da mai kashi 5.25 a digiri 20. Likitan Suwizalan sai ya sayi na'urar ɗumama sirinji. Likitan Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yanayi ya kusa yi masa wannan aiki kyauta. Sai dai zafin da ke ƙara wa sinadarin kaifi a lokacin aiki shi ne ke cinye shi a wurin ajiya. Zafi da hasken rana da barin murfi a buɗe duk suna zubar da kulorin. Jarkar da ta yi watanni a shagon kwano ko a rumfar kasuwa rana na dukanta, abin da aka rubuta a jikinta ba lalle shi ne a ciki ba. Bilic na kasuwa a Nijeriya galibi kashi 3.5 ake rubutawa, kuma awo ɗaya nasa da awo biyu da rabi na tsabtataccen ruwa zai ba da kashi 1. Amma in ya riga ya sane kafin a sirka, likita zai yi ta wanki da abin da bai fi ruwan gishiri ba alhali yana zaton kulorin ne. Maganin wannan ba tsada gare shi ba: a sayi sabo daga inda kaya ke tafiya, a guji mai turare da mai kauri, a ajiye a kwalba mai duhu a wuri mai sanyi, a sirka na yini kawai.

Abin da kulorin ba ya iyawa shi ne narkar da ɓangaren yaɓen nan da yake garin ƙashi ne. Wannan aikin EDTA ne, sinadarin da Nygaard-Østby na ƙasar Norwe ya shigo da shi a 1957, wanda ke kama alli ya janye shi. Ana amfani da mai kashi 17 na kimanin minti ɗaya bayan an gama sassaƙa. In aka bar shi ya kai minti goma sai ya fara cin bangon kansa. Ruwan tsamin sitirik mai kashi 10 yana yin irin wannan aiki. Ba a haɗa su da kulorin a lokaci ɗaya, don suna kashe masa ƙarfi nan take. Shi kuwa kulohekzidin, da ake sawa a ruwan kurkurar baki, yana kashe ƙwayoyi amma ba ya narkar da komai, kuma in ya gamu da kulorin a cikin rami sai su haifar da wani jan dagwalo mai toshe kafofi da rina haƙori. Binciken da Ng da Mann da Gulabivala suka fitar a 2011 daga asibitin Eastman na Landan, bayan bin ɗaruruwan majinyata, ya nuna ƙara kulohekzidin a kan kulorin ya zo da raguwar warkewa, yayin da EDTA ya taimaka wa haƙoran da ake sake wa aiki.

Nakan ji ana tambaya ko darbejiya da bagaruwa da iccen asuwaki ba za su yi ba. An gwada ruwan wasunsu a ɗakunan bincike, suna da ɗan tasiri a kan ƙwayoyi. Amma babu wanda ke narkar da matacciyar tsoka. Wurinsu shi ne kafin ruɓa ta shiga.

Yanzu mu zo ga inda nake ganin aikin ya fi lalacewa, wato yadda ruwan ke isa gindi. Hanyar da ta fi daɗewa kuma ta fi yaɗuwa ita ce sirinji da allura. Mutum zai zaci in an danna sirinji a bakin rami ruwa zai gangara har ƙasa. Ba haka ba ne. Saiwa a dashe take cikin ƙashi, ƙarshenta a toshe, kamar kwalba mai dogon wuya. Chow ya nuna a 1983 cewa ruwa ba ya musanyawa sai ɗan kaɗan gaba da bakin allura, kuma lissafin kwamfuta da Boutsioukis ya yi wajen 2010 ya tabbatar da haka: allura mai huda a gefe tana sabunta ruwa kimanin milimita 1 zuwa 1.5 gaba da bakinta, mai buɗaɗɗen baki kuwa milimita 2 zuwa 3. Abin da ke ƙasa da nan tsayayyen ruwa ne, kamar kududdufi. Wani lokaci ma iska ce ke tarewa a can, kumfa ta zauna ta hana ruwa sauka, matsalar da Tay da abokan aikinsa suka bayyana a 2010. Manomin rani a fadamar Rima ya san haka daga injin ban ruwa: in iska ta shiga tiyo, sai a yi ta ƙara ba ruwa.

Ga shi kuwa kashi ɗaya cikin uku na ƙarshen saiwa nan ne rassa suka fi yawa, nan ne kuma ƙwayoyin da ke ciyar da ƙurjin ƙashi suke. Don haka kaurin allura ba ƙaramar magana ba ce. Allurar da aka saba yi wa mutum a cinya, mai lamba 21, kaurinta milimita 0.8 ne. Mai lamba 23 tana da 0.6. Ƙarshen ramin da aka gyara kuwa yawanci milimita 0.25 zuwa 0.40 ne. Irin waɗannan allurai a sama suke tsayawa, su wanke bakin rijiya su bar gindi. Ana bukatar mai lamba 30, wadda kaurinta ya kusa 0.3, ko aƙalla mai lamba 27 mai 0.4, a sa mata alamar tsawo, a tanƙwara ta, a kai ta milimita 1 zuwa 3 kafin ƙarshe gwargwadon irin bakinta. Ina da yaƙinin cewa likitan da ya canza allura kawai, bai sayi wata na'ura ba, ya inganta aikinsa fiye da wanda ya sayi na'ura ya ci gaba da allurar cinya.

Kusantar gindi tana da haɗarinta. Idan allura ta cije a rami aka danna da ƙarfi, ruwan ba shi da hanyar dawowa sama, sai ya fasa ta ƙarshen saiwa ya shiga nama. Majinyaci zai ji zafi mai tsanani nan take duk da allurar kashe zafi, fuska ta kumbura cikin mintoci, jini ya kwanta ƙarƙashin fata, wani lokaci har gefen ido. Yawanci yakan warware cikin makonni, amma akwai waɗanda ya bar wa mutuwar jijiya ko tabo. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa, kuma ga wanda zai hau mota ya koma Gangara, nesa da inda za a kula da numfashinsa in kumburin ya yi wuya, abin ya fi muni. Kariyarsa sananniya ce: kada allura ta cije, a riƙa motsa ta sama da ƙasa, a danna da ɗan yatsa a hankali maimakon babban yatsa, a san tsawon saiwa tun farko ta hoto ko na'urar awo.

Akwai wani abu da ke ɗaure da wannan, wato ƙyallen roba da ake huda wa ƙofa a saƙala wa haƙori, ya raba shi da sauran baki. Sanford Barnum ya ƙirƙiro shi a birnin New York tun 1864. Inda ba a sa shi, yawu da ƙwayoyinsa na komawa ramin da ake wankewa, kuma likita na tsoron bilic ya zubo wa majinyaci a harshe da maƙogwaro. Tsoron nan ne ke sa a koma ruwan gishiri, ko a ɗiga kulorin kaɗan don sauke nauyi. Rashin ƙyalle ɗaya sai ya jawo rushewar dukkan tsarin wankin.

Da yake allura kaɗai ba ta kai ruwa cikin lunguna, aka shiga neman hanyar motsa shi. Mafi sauƙi ita ce ta hannu. A cika rami da kulorin, a ɗauki tsinken danƙon gataparca, wanda dama da shi za a toshe ramin, mai daidai da faɗinsa, a riƙa zura shi ana zarewa milimita 2 zuwa 3, kimanin sau 100 a minti ɗaya. Kowace dannawa tana tura ruwa gefe da ƙasa, tana fasa kumfar iska, kowace zarewa tana jawo sabo. Machtou na Faransa na cikin waɗanda suka yaɗa wannan dabara, kuma ba ta cin wuta ko batir.

Sai na'urori. Akwai masu kaɗa tsinken roba, irin EndoActivator da ke bugawa ƙasa da sau 200 a daƙiƙa, da EDDY da ke kaiwa wajen 6,000. Akwai mai amon da kunne ba ya ji, wadda Richman ya fara kawowa a 1957, tana girgiza siririn ƙarfe sau 25,000 zuwa 30,000 a daƙiƙa. Ahmad da Pitt Ford da Crum sun nuna a 1987 cewa amfaninta na zuwa ne daga guguwar ruwa da ke tashi kewaye da ƙarfen, kuma hakan na faruwa ne kawai in ƙarfen na rawa sakaka bai jingina da bango ba. A lanƙwasasshiyar saiwa wannan sharaɗi da wuya ya cika. EndoVac ya juya lissafin: ana zuba ruwa a sama, wani bututu mai kaurin milimita 0.32 yana tsotsarsa daga gindi, don haka haɗarin tsallakewa ya ragu ƙwarai, sai dai 'yan ƙofofinsa na yawan toshewa. Bayan su akwai na hasken leza da GentleWave, waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin galibin asibitocin duniya, balle namu.

A ɗakin bincike, a kan haƙoran da aka cire aka tsaga, kusan dukkan waɗannan na'urori sun fi allura kaɗai fitar da gari daga lunguna. Hotunan suna da ban sha'awa, kuma su kamfanoni ke nunawa. Amma majinyaci ba tsabtar hoto ya zo nema ba, so yake ƙurjin ƙashinsa ya warke. Da Liang da abokan aikinsa a birnin Beijing suka raba majinyata gida biyu a 2013, wasu da girgizar amo wasu da sirinji kawai, suka bi su da hoto, ba a sami bambancin da lissafi zai amince da shi ba. Bitar da Căpută da abokan aikinsa suka yi a 2019 ta tsaya a wuri ɗaya. Ya kamata a yi adalci: gwajin Beijing a kan haƙora masu saiwa ɗaya aka yi shi, inda lunguna ba su da yawa, kuma mai yiwuwa a matauna na'urar ta fi nuna kanta. Wanda yake da injin kankare dattin haƙori mai amo, sayen bakin da ya dace da wankin saiwa ba asara ba ne. Amma zuwa yanzu kwalliyar manyan na'urori ba ta biya kuɗin sabulu ba a wurin warkewa, kuma ba daidai ba ne likitan Sakkwato ko Maraɗi ya ɗauka aikinsa na baya ne don ba shi da su, ko ya fake da rashinsu.

Abin da ba shi da madadi shi ne lokaci. Kulorin na bukatar ya jima yana taɓa tsoka kafin ya narkar da ita. Magagaran zamani na nikel da taitaniyam, da suka fara fitowa a 1988, suna gama sassaƙa cikin 'yan mintoci, wanda hakan ya rage lokacin da ruwa ke zama a rami in ba a kula ba. Mintocin da inji ya rage, ruwa ya kamata a mayar wa. A asibitin da layi ya kai bakin ƙofa, wuta na ɗaukewa, janareto na shan mai, wannan ne abu na farko da ake yankewa, don ba wanda zai gani. Hoton ƙarshe yana nuna farin layin danƙo ne kawai, ba ya nuna ko an wanke.

Inda ake raba aikin zama biyu, akan cusa ƙullin farar ƙasa, wato kalsiyam haidiroksaid, ya kwana bakwai yana kashe abin da ya rage. Bitar ƙungiyar masu bincike ta Cochrane, wadda aka sabunta fiye da sau ɗaya, ba ta sami bambanci a warkewa tsakanin zama ɗaya da zama da yawa ba. Wannan labari ne mai daɗi ga mutumin Gangara, da sharaɗin ramin ya bushe, mugunya ta daina tsattsafowa, kuma wankin ya cika: kulorin bayan kowane magagari, EDTA na minti ɗaya, kulorin na ƙarshe ana motsa shi. In ramin ya ƙi bushewa, babu makawa sai a sa ƙullin, a nemi majinyaci ya kwana biyu a gari wurin 'yan uwa maimakon ya tafi ya dawo.

Ƙa'idar ƙungiyar likitocin saiwa ta Turai ita ce a sake ɗaukar hoto bayan shekara ɗaya, a ci gaba da bi har shekara huɗu in ƙurjin bai gama rufewa ba. Manomin da ya koma Gangara da wuya ya dawo don hoto alhali ba abin da ke masa ciwo. Don haka kafin ya tashi daga kujera sai a gaya masa abin da zai lura da shi da kansa: ɗan ƙurji a dasashi mai fashewa yana dawowa, zafi in ya tauna, ko ciko ya ɓalle. Cikon kuma kada a bar shi na wucin gadi. Ray da Trope sun nuna a 1995 cewa ingancin murfin sama na da babban tasiri a kan lafiyar gindin saiwa, domin yawu na iya bin gefen danƙo ya mayar da ƙwayoyi inda aka kore su. Cikon wucin gadi ba ya jure rake da goro da ƙashin miya na wata shida. A yi masa na dindindin a ranar, a rage tsinin mataunin kaɗan don kada ya tsage, sannan a sallame shi da sauran rana ya sami motar Sabon Birni.